Wayar da ba ta cin wuta: Sirrin da masana ke haƙa a dangin jan ƙarfe kusan shekara 40

Duk mai injin niƙa a Rano, ko mai walda a garin Kibiya, ya san abu guda game da wayar lantarki ko da bai taɓa zama a ajin kimiyya ba: idan aiki ya kankama, wayar takan ɗau zafi. Wani lokaci har robar jikinta ta yi laushi, ta fara wari. Wannan zafin wuta ce da aka samar, aka turo, za a kuma rubuta kuɗinta a kan wani, alhali ba ta juya injin kowa ba. A hanya ta ƙare.

Abin da ke jawo haka shi ne tirjiya. Wutar lantarki gudu ne na wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira ilektaron a cikin ƙarfe. Suna cikin gudun suna cin karo da ƙwayoyin zarrar ƙarfen da ke karkarwa saboda ɗumi, da kuma gurɓatattun abubuwan da suka cakuɗu da shi. Kowane karo yana rage musu ƙarfi, ƙarfin da ya ragu kuma shi ne yake komawa zafi. Idan aka ninka yawan wutar da ke bin waya sau biyu, zafin yakan ninka sau huɗu.

Domin rage wannan asara ne ake ɗaga matsin wuta zuwa bolt 330,000 kafin a ɗauko ta daga tashoshi irin su Shiroro da Kainji, ta biyo ta Mando a Kaduna, ta yi tafiyar fiye da kilomita 200 zuwa Kumbotso. Daga nan ake ta sauke ta mataki-mataki, har ta isa taransifomar unguwa, ta shiga shago da gida. A kowane zango sai hanya ta karɓi rabonta. Tun daga watan Afrilun 2024, lokacin da hukumar NERC ta kai farashin rukunin Band A naira 225 a kan kowane yunit, lissafin wannan rabo ya ƙara shiga aljihun ɗan kasuwa da ma'aikaci.

To, akwai wasu abubuwa a duniya da wuta ke ratsawa ba tare da tirjiya ko ta anini ba. Sunansu sufakondakta. Matsalarsu guda ce: ba sa nuna wannan hali sai cikin matsanancin sanyi. Idan ba a matse abu da matsi mai tsanani ba, waɗanda suka fi kowa jure ɗumi a cikinsu wani dangi ne na jan ƙarfe da ake kira kufuret, kuma har yau masana ba su haɗu a kan dalilin da ya sa suke aiki ba. Wannan bayani ya duba inda aka kwana a binciken, da wata dabara mai suna lilon kwantam wadda ta sauya alƙiblarsa a 2007.

Daga zaiba zuwa Riruwai

A watan Afrilun 1911, wani masani ɗan ƙasar Holan, Heike Kamerlingh Onnes, ya sanyaya zaiba a ɗakin bincikensa da ke Leiden har zuwa digiri 269 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas. Ƙarshen sanyin da zai yiwu a halitta shi ne digiri 273 ƙasa da sifiri, ke nan saura digiri huɗu kacal. Nan take tirjiyar zaibar ta ɓace ɗungurungum. Ya iya yin hakan ne domin shekara uku kafin nan shi ne ya fara mayar da iskar hiliyom ruwa, kuma da ruwan ya yi sanyayawar.

A 1933 wasu Jamusawa biyu, Walther Meissner da Robert Ochsenfeld, suka gano hali na biyu: sufakondakta yana korar ƙarfin maganaɗisu daga cikinsa. Shi ya sa ake ganin mayen ƙarfe yana tsayuwa a iska a samansa, ba abin da ya riƙe shi.

Sai a 1957 aka samu gamsasshen bayani daga Amurkawa uku, John Bardeen da Leon Cooper da Robert Schrieffer, waɗanda aka ba kyautar Nobel a 1972. A al'ada ilektaron biyu korar juna suke yi, domin cajinsu iri ɗaya ne. Amma a cikin sanyi, idan ɗaya ta wuce, takan ɗan janyo ƙwayoyin zarrar da ke gefenta, ta bar sawu, kamar yadda amalanke mai kaya ke barin kwari a hanyar gona da damina. Ta biyu sai ta gangara cikin sawun. Ta haka suke zama tagwaye. Tagwayen nan kuma duk tare suke ɗaga ƙafa, kamar 'yan gayya da ke bin kiɗa ɗaya, ta yadda ƙaramin cikas ba ya iya tsinke ɗaya daga cikin jeri. Da ɗumi ya ƙaru, karkarwa sai ta share sawun, tagwaye su rabu, tirjiya ta dawo.

Irin wannan tsohon nau'i shi ne a cikin mafi yawan na'urorin MRI na manyan asibitoci. Wayar maganaɗisunsu haɗin ƙarfen niyobiyom ce da titaniyom, ana sanyaya ta da ruwan hiliyom mai tsada. A nan labarin ya taɓa kudancin Kano kai-tsaye. Niyobiyom daga ma'adinai irin su kolombayit ake samun sa, wanda ake haƙowa tare da kuza a tsaunukan Jos, akwai shi kuma a duwatsun Riruwai da ke Ƙaramar Hukumar Doguwa. A shekarun 1950 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da kolombayit. Yau ƙasar Birazil ce ke riƙe da kusan duk kasuwar niyobiyom.

Shekarar da aka karya shinge

Shekara 75 bayan Onnes, ci gaban da aka samu ɗan kaɗan ne. Mafi juriya da aka sani, wanda aka samu a 1973, sai an kai shi digiri 250 ƙasa da sifiri. Masana da dama sun ɗauka an zo bango.

A 1986, Georg Bednorz da Alex Müller na ɗakin binciken kamfanin IBM da ke kusa da Zurich a Suwizalan suka gwada abin da mutane kaɗan suka yi tsammani: wani abu mai kama da fasasshen tangaran, haɗin lantanom da bariyom da jan ƙarfe da iskar oksijin. Ya rasa tirjiyarsa a wajen digiri 238 ƙasa da sifiri. Shekara ɗaya kacal bayan nan aka ba su kyautar Nobel.

A farkon 1987, Paul Chu na Jami'ar Houston da Maw-Kuen Wu na Jami'ar Alabama da ke Huntsville suka musanya lantanom da itiriyom, suka samu haɗin da ake taƙaita sunansa da YBCO. Shi kuma a digiri 180 ƙasa da sifiri yake fara aiki. Muhimmancin wannan adadi shi ne ruwan iskar naitirojin yana zaune ne a digiri 196 ƙasa da sifiri, ya isa ya sanyaya shi ke nan. Naitirojin kuwa shi ne kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa, ruwansa kuma yana da araha. Da shi likitocin dabbobi ke adana irin shanu domin baye ta hanyar allura.

A 1993 aka samu wani ɗan dangin mai ɗauke da zaiba a Zurich, wanda ya kai digiri 140 ƙasa da sifiri. Har yanzu, idan ba a matse abu da matsi mai tsanani ba, wannan reshe na dangin ne ke riƙe da kambu. Mai karatu zai lura cewa "zafi" a bakin waɗannan masana daban yake da zafin watan Afrilu a Kano. Ko sanyin hunturun da ke hana mutanen Rano fita da asuba ya fi wannan ɗumi da kimanin digiri 150.

Gidan dara a cikin dutse

Duk 'yan dangin kufuret suna da siffa guda. An gina su hawa-hawa, kuma a tsakanin hawan akwai wasu shimfiɗaɗɗun faifai na jan ƙarfe da oksijin, waɗanda kaurinsu ƙwayar zarra ɗaya ne. Ƙwayoyin jan ƙarfen sun jeru layi-layi kamar guraben dara, da oksijin a tsakanin kowane biyu. A cikin waɗannan faifai wutar take gudu.

Abin mamakin shi ne, asalin haɗin, kafin a taɓa shi, ba ya ratsar da wuta sam. Kowane gurbi na jan ƙarfe yana da ilektaron ɗaya da ya kamata ta iya yawo, amma ƙiyayyar da ke tsakaninsu ta yi tsananin da babu mai yarda ta shiga gurbin da wata take. A wasan dara gurabe 30 ne, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 12, ana barin shida babu kowa. Da za a cike duka 30 ɗin, ba wanda zai iya motsa ɗa ko guda. Haka faifan kufuret yake tun farko.

Dabarar ita ce a zare wasu 'ya'yan. A YBCO ana yin haka ta hanyar ƙara oksijin, wanda ke janye wasu ilektaron daga faifan, ya bar gurabe. Da gurabe suka samu, sai motsi ya fara. Idan guraben suka kai kimanin biyar a kowane jan ƙarfe 100, tirjiya takan fara ɓacewa cikin sanyi. A wajen 16 cikin 100 ake samun mafi kyawun juriya ga ɗumi. Idan aka zarce zuwa kusan 30, halin yakan dusashe, abin ya koma ƙarfe na yau da kullum.

Bayanin 1957 bai isa ya fassara wannan ba. An tabbatar da cewa a nan ma tagwaye ake yi, amma sawun amalanke, a yadda aka san shi, ya yi rauni da zai riƙe su a irin wannan ɗumi. Me ke ɗaure su? Masana da yawa sun karkata ga cewa halin maganaɗisu na su kansu ilektaron ɗin ne, sai dai muhawara ba ta ƙare ba. Kafin a san abin da ke haɗa tagwaye kuwa, sai an san halin da ƙwayoyin ke ciki kafin su haɗu.

Gaɓar Fermi

Masana suna da wata taswira da suke zana wa kowane ƙarfe. Taswirar ba ta nuna wurin da ilektaron take. Tana nuna inda ta nufa ne da ƙarfin tafiyarta. Dokar halitta ta hana ilektaron biyu zama cikin hali ɗaya sak, saboda haka suna cike taswirar ne daga mafi ƙarancin ƙarfi zuwa sama, kamar yadda ruwa ke cika madatsar Tiga: kwari yake fara cikawa, sannan ya hau tudu. Inda ruwan ya tsaya, nan ce gaɓa. Ana kiran ta gaɓar Fermi, da sunan masanin nan ɗan Italiya, Enrico Fermi.

Ƙwayoyin da ke can ƙasan ruwa a danne suke, ba su da wurin matsawa. Na bakin gaɓa ne kaɗai ke ɗaukar wuta, su ne ke ɗaukar zafi, su ne kuma ke zama tagwaye. Wanda ya san siffar gaɓar ƙarfe da faɗin abin da ta kewaye, ya san mafi yawan halayensa.

A ƙarfen kirki, gaɓa takan zagayo ta haɗe, kamar ta kowane tafki. Amma a ƙarshen shekarun 1990, da aka haska kufuret masu ƙarancin gurabe da wani haske mai fizgo ilektaron daga fuskar abu, sai aka ga guntayen gaɓa huɗu masu lanƙwasa, ba wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Tafki mai gaɓa a gutsure abu ne da hankali bai ɗauka ba. Wasu suka ce wannan alama ce ta cewa tsohuwar fahimtar ƙarfe ba ta aiki a nan gaba ɗaya. Ana buƙatar wani ma'auni da zai leƙa cikin abin, ya wuce fuskarsa.

Yadda lilon yake aiki

Ma'aunin ya girmi rigimar. A 1930, a Leiden ɗin dai, Wander de Haas da ɗalibinsa Pieter van Alphen, da kuma Lev Shubnikov na Tarayyar Sobiyat, sun lura cewa idan ana ƙara wa ƙarfen bismut ƙarfin maganaɗisu cikin sanyi, tirjiyarsa da halinsa na maganaɗisu sukan riƙa hawa da sauka kamar lilo.

Dalilin shi ne, maganaɗisu yana tilasta wa ilektaron yin zagaye. A duniyar ƙananan ƙwayoyi kuwa, wadda ake kira kwantam, ba kowane girman zagaye aka yarda da shi ba. Akwai ƙayyadaddun matakai kamar na tsani, babu tsayuwa a tsakaninsu. Lev Landau ne ya lissafa su a wannan shekarar. Duk lokacin da aka ƙara ƙarfin maganaɗisu, tazarar matakan takan buɗe, sai su riƙa tsallake gaɓar Fermi ɗaya bayan ɗaya. Kowane tsallake yana sa allurar ma'auni ta ɗaga ta sauka.

A 1952 Lars Onsager ya nuna cewa saurin wannan lilo yana daidai da faɗin filin da gaɓa ta kewaye. Babban tafki, lilo mai sauri. Ƙaramin kududdufi, lilo mai nawa. Bayan 'yan shekaru Ilya Lifshitz da Arnold Kosevich suka ƙara da cewa yadda lilon ke raguwa idan ɗumi ya ƙaru yana bayyana nauyin da ƙwayoyin ke ji a cikin ƙarfen. Sharaɗi mafi girma shi ne sai gaɓa ta haɗe kafin a ga lilo, domin ƙwayar da ba ta kammala zagaye ba, ba ta da mataki.

Gwada wannan a kufuret ya ɗauki shekara 20 saboda dalilai uku. Na farko, dole a kashe halin sufakondakta tukuna, domin abin da ba shi da tirjiya ba a auna lilon tirjiyarsa, kuma kashe shi cikin sanyi sai da maganaɗisu mai ƙarfin gaske. Na biyu, dole a sanyaya samfurin zuwa wajen digiri 270 ƙasa da sifiri. Na uku, dole samfurin ya zama tsarkakakke, yadda ilektaron za ta gama zagayenta ba ta yi tuntuɓe ba.

Ana auna ƙarfin maganaɗisu da tesla. Na'urar MRI takan yi tesla 1.5 ko 3. Wani maganaɗisu da ke Tallahassee a Amurka yana riƙe tesla 45 ba yankewa, amma yana shan wutar da ta kai kimanin megawat 30. Tashar wutar da gwamnatin Kano ta gina a madatsar Tiga a kan megawat 10 aka tsara ta. Domin wuce haka, sai dai a tara wuta a sake ta gaba ɗaya cikin ƙasa da sakan guda, a ɗauki awo kafin wayar ta ƙone. Ta wannan hanya aka kai tesla 100 a Los Alamos a watan Maris na 2012.

Abin da aka gani a Toulouse

A 2007, ayarin Louis Taillefer na Jami'ar Sherbrooke a Kanada, tare da Nicolas Doiron-Leyraud da Cyril Proust, suka kai wasu ƙananan samfuran YBCO ɗakin binciken maganaɗisu na Toulouse a Faransa. Ruixing Liang da Doug Bonn da Walter Hardy ne suka haɗa samfuran a Vancouver, bayan shekaru suna koyon yadda za a jera oksijin ɗinsu cikin tsari. Gurabensu kimanin 10 ne cikin 100. Da maganaɗisu ya doshi tesla 62, wato ya ninka na doron duniya fiye da sau miliyan, sai lilo ya bayyana.

Wannan ya tabbatar da cewa akwai gaɓa haɗaɗɗiya. Amma girmanta ya ba kowa mamaki: ba ta kai kashi biyu cikin 100 na taswirar ba. A 2008, wani ayari da ya haɗa da Nigel Hussey na Jami'ar Bristol ya auna wani ɗan dangin mai ɗauke da taliyom, wanda aka cika wa gurabe, aka samu gaɓar da ta kewaye kusan kashi biyu cikin uku na taswirar. A dangi ɗaya, da faifai iri ɗaya, rage gurabe ya mayar da tafki kududdufi, ya rage shi kimanin sau 30.

Akwai mamaki na biyu. Idan wuta na bin abu a cikin maganaɗisu, wani ɗan matsi yakan bayyana a gefe, kuma ɓangaren da ya karkata yana nuna ko gurabe ne ke ɗaukar wutar ko ilektaron. Tunda gurabe aka zuba, su ake sa ran gani. A ƙarshen 2007 David LeBoeuf da abokan aikinsa suka nuna cewa cikin sanyi matsin yana juyawa ɗaya ɓangaren. Kududdufin na ilektaron ne. Lallai wani abu ya sake yanka taswirar.

Saƙi a cikin faifai

A tarihin Hausa Bakwai, Kano da Rano su ne sarakunan baba, saboda rini da saƙa. Duk wanda ya san saƙi, wato ƙyallen nan da ake jera baƙin zare da fari har ya fito da ƙananan gidaje kamar jikin zabo, zai gane abin da aka gano daga baya.

A 2011 Tao Wu da Marc-Henri Julien a Grenoble, sannan a 2012 wasu ayari biyu da suka yi amfani da hasken eksire, ɗaya ƙarƙashin Giacomo Ghiringhelli, ɗaya kuma da Johan Chang a gaba, suka nuna cewa cajin lantarki a faifan YBCO ba a shimfiɗe yake bai-ɗaya ba. Yana taruwa a nan, ya ragu a can, yana maimaita kansa kusan bayan kowane gurbi uku. Sabon zane ya hau kan tsohon jeri. Suchitra Sebastian da Gilbert Lonzarich na Jami'ar Kambirij, tare da Neil Harrison na Los Alamos, suka nuna yadda irin wannan zane zai iya naɗe taswirar, ya haɗa guntayen gaɓar nan huɗu baki da baki, su ba da ƙaramin kududdufi guda na ilektaron. A 2013 aka ga irin wannan lilo mai nawa a wani ɗan dangin mai zaiba, abin da ya nuna halin na faifan ne, ba na YBCO kaɗai ba.

Awon ya kuma nuna cewa saƙin da halin sufakondakta kishiyoyi ne. Saƙin yana ƙaruwa yayin da ake sanyaya samfuri, amma da tirjiya ta ɓace sai ya fara ja da baya. Idan aka raunana sufakondakta da maganaɗisu, sai ya sake ɗagowa. A wajen gurabe 12 cikin 100, inda saƙin ya fi ƙarfi, juriyar YBCO ga ɗumi takan yi ƙasa da abin da ake zato.

A 2015 Brad Ramshaw da abokansa suka bi lilon da maganaɗisu sama da tesla 90, suka ga nauyin ƙwayoyin yana ƙaruwa sosai yayin da gurabe ke doshin 18 cikin 100. A 2016 wani awo a Toulouse ya nuna yawan masu ɗaukar wuta yana sauyawa kwatsam a wajen 19 cikin 100. Wato akwai wata mahaɗa a nan, inda hali ɗaya ke miƙa wa wani ragama, kuma dab da ita ne sufakondakta ya fi ƙarfi. Ko mahaɗar ce ke haifar da ƙarfin, ko maƙwabtaka ce kawai, shi ne abin da ake ta gwaji a kai yanzu.

An fara cin moriya

Rashin cikakken bayani bai hana injiniyoyi aiki ba. A 2014 aka kunna wayar kufuret mai tsawon kilomita ɗaya da aka binne a tsakiyar birnin Essen na Jamus, ana sanyaya ta da ruwan naitirojin, tana iya ɗaukar megawat 40 a matsin bolt 10,000 kacal. A ƙarshen 2021 birnin Shanghai na ƙasar Sin ya kunna tasa mai kilomita 1.2. A watan Satumban wannan shekarar, jami'ar MIT da kamfanin Commonwealth Fusion Systems suka gwada maganaɗisu mai tesla 20 da aka naɗa da zaren dangin YBCO, domin tashar makamashin da suke ginawa.

Mai karatu zai lura da gajartar waɗannan wayoyi. Kufuret yana karyewa kamar tangaran, saboda haka sau da yawa akan shafa shi siriri a kan ƙyallen ƙarfe, aikin kuma yana da tsada. Injin sanyaya shi ma wuta yake sha, dare da rana. A cunkusasshen birni inda babu filin kafa sabuwar tasha, lissafin yakan fita. A layin karkara mai nisa kamar na Rano zuwa Kibiya, bai fita ba tukuna.

Hattara da labarin dare ɗaya

A watan Yulin 2023 wasu masu bincike a Koriya ta Kudu suka yi shelar samun wani haɗi mai suna LK-99, wanda suka ce yana aiki a ɗumin ɗaki. Bidiyo ya karaɗe intanet, hannun jarin wasu kamfanoni ya yi tashin gwauron zabo. Cikin 'yan makonni ɗakunan bincike a ƙasashe daban-daban suka haɗa shi, suka tarar ba sufakondakta ba ne. Wani gurɓataccen haɗin jan ƙarfe da farar wuta ne ya ruɗi awon. Waɗanda suka sayi hannun jari a sama suka kwana ciki. A watan Nuwamban shekarar kuma mujallar Nature ta janye wata maƙala mai irin wannan iƙirari daga wata jami'a a Amurka.

Akwai haɗe-haɗen haidirojin da aka tabbatar suna aiki a digiri 70, har 23, ƙasa da sifiri, amma sai an matse su da matsin da ya ninka na iska fiye da sau miliyan, a tsakanin lu'ulu'u biyu. Ba a yin waya da irin wannan. Duk wanda aka kawo wa tallan hannun jari ko na'ura da sunan wayar da ba ta asara, tambayoyi uku sun ishe shi: a wane sanyi, a wane matsi, kuma wane ɗakin bincike na daban ya maimaita?

Rabonmu a ciki

Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce, mafi yawan asarar wutar Najeriya ba tirjiya ce ke jawo ta ba. Abin da ke zubewa a manyan layuka bai kai kashi 10 cikin 100 ba, amma a hannun kamfanonin rarrabawa jimillar asara takan haura kashi 30, kuma kaso mai yawa daga satar wuta ne, da rashin mita, da kuɗin da ba a biya ba. Duhun da ya rufe Arewa fiye da mako guda a watan Oktoban 2024 ya biyo bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ne da lalacewar layin da ya rage. Babu sufakondaktan da zai tsare turken da aka kayar. Waya mai kaurin da ya dace, taransifomar da ba a ɗora wa fiye da ƙarfinta ba, da mita a kowane shago, su ne maganin da ke hannu yau.

Duk da haka, binciken ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko ita ce ma'adinai. Niyobiyom yana Riruwai da Jos, bariyom yana cikin dutsen barayit da ake haƙa a Azara ta Jihar Nasarawa, itiriyom kuma ana samun sa a ma'adinan da ke rakiyar kuza. Mun taɓa sayar da kolombayit ɗanye, wasu suka mayar da shi wayar MRI, muka sayo da dala. Jami'an da ke ba da lasisi da sarakunan yankunan da ake haƙa ya kamata su san abin da ke cikin buhun da ake lodawa, da inda zai ƙare.

Ta biyu ita ce makaranta. Auna lilon kwantam sai ƙasashe ƙalilan, amma haɗa ƙwayar YBCO aiki ne da ɗaliban jami'a ke yi a ƙasashe da dama: garin sinadarai uku, tanderu mai zafin digiri 900 da ɗoriya, iskar oksijin, da tulun ruwan naitirojin. Wannan bai fi ƙarfin sashen kimiyyar fiziks na Jami'ar Bayero, ko Jami'ar Aliko Dangote da ke Wudil, ko Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ba. Sharaɗinsa mafi wuya a wurinmu shi ne tanderun yana buƙatar wuta ta sa'o'i masu yawa ba ɗaukewa. Idan aka samar da ita, ɗalibin da ya taso daga Kibiya zai iya ganin mayen ƙarfe tsaye a iska a kan abin da ya gasa da hannunsa, ya kuma fara tambayar da Bednorz da Müller suka bar wa duniya tun 1986.